Ƙusa Bakwai a Zaure

Ƙusa bakwai na buga a bangon zaure,
nan Mabera, bayan injin niƙa,
kowace ƙusa da takwas ɗinta.
Baƙo ya shigo ya ce, mabuɗin kwalba ne?
Wani ya ce ai tarkon gafiya ne.
Na ce ku sha ruwa tukuna.

Zobe biyu ne, babba da ƙarami, wuya ya haɗa su.
Igiya ta shiga babban, ta zaga wuya, ta fito,
ƙaramin ya riƙe ƙugiyar ɗamara.
Iyakarta ke nan.
Saura aikin tafin hannu ne
da abin da ka karanta kafin ka saki ƙafa.

Wannan na sanholo, a gwanjo na tsince shi,
cikin tulin takalma a Tsohuwar Kasuwa.
Mai kaya ya ɗauka marikin ƙofa ne,
ban gyara masa ba, Allah Ya yafe mini.
Ba nauyi, ga santsi, amma akwai fushi:
ran da na sauko daga ƙarfen sabis na hanyar Dange
ana tsakar rana, a watan bazara,
ya yi mini tambari a babban yatsa.
Ga shi nan, duba.

Na kusa da shi baƙin ƙarfe ne,
dattijo, ba ya gaggawar fita masallaci.
Yana ja maka ƙugu wajen hawa,
wajen sauka ka gode masa.

Mai ƙahonin nan kuwa, a gaishe shi.
Da shi na sauko da Arzika
ran da rina suka taru a kansa can ƙoli
har idonsa ya juye.
Mutum biyu, igiya ɗaya,
na naɗe ta a ƙaho, ta tsaya cik,
na ji numfashinsa a wuyana har ƙasa.
Yau Arzika shayi yake sayarwa,
ko tsani ba ya hawa,
kuma bai taɓa karɓar kuɗina ba.

Na huɗu Nomau maƙeri ya kwaikwaya
da guntun sifirin mota.
Ya fi su duka kyau.
Na gwada shi da buhun gero cikin rijiya, ya riƙe.
Na ƙara buhu, ya riƙe.
Ban hau shi ba.
Nomau ya ce, "Kai dai ba ka yarda da hannun gida ba."
Shekara tara, gaisuwarmu ba ta wuce lahiya lau.

Na biyar laka ta cinye.
Tsofaffin rijiyoyin Wurno, damina uku,
yashi a igiya, igiya a wuyansa,
har ta yi masa kwari da ɗan yatsa zai kwanta ciki.
Mun yi ritaya tare, shi da gwiwata.

Na shida ja ne, mai kusurwa huɗu,
wani injiniya ya bar mini da zai tafi.
An ce ba ya murɗe igiya kamar sauran.
An ce.
Har yau fentinsa bai san zafi ba.

Daren jiya na sauke su duka a tabarma,
ina aunawa a hannu, ina shafa wuya,
ina neman tsaga da farce a hasken tocila.
Kulu ta leƙo ta ce, ƙarfe duk ƙarfe ne, zo ka kwanta.
Ban amsa ba.
Ba ita za ta zaɓa ba.

Ta bakwai, ka ga, ƙusa ce kawai.
Da asuba Jabbi ya rataya shi a ƙugu,
bai ko dube shi ba,
ya hau bayan babur zuwa Kware, hawansa na farko.
Na ce masa kada hannun dama ya bar igiya,
ko kunama ce ta sauka a kai.
Ya ce, Baba, ka faɗa sau uku.

An kira la'asar.
Zauna, ba inda za ni.
In ka ji babur ya rage gudu wajen injin niƙa,
yi shiru, in saurara.